Ha Mai Ruwa

Shafi na 14

Masu turo min "Hajiya ci gaba" tun ban shafa addu'ar asuba ba, ga shi nan. Wadda ta ce in hukunta Munira kuma ta yi haƙuri, ni ba alƙaliya ba ce.

*

Baffa Auwal bai saba zuwa gidan yayansa na unguwar Umbadda a Omdurman ba sai ya aiko. Yau kuwa sai sallamarsa aka ji bayan azahar. Ya wuce kai tsaye ƙarƙashin rumfa, ya zauna kan angarib, gadon igiyar da ake ajiye wa manya, ya ɗora hularsa a gwiwa.

"Ke, zo nan."

Munira ta riga ta yi wanka, jakarta na rataye a bayan ƙofar ɗaki. Da la'asar Nada, shugabar ƙungiyarsu ta wasan kwaikwayo, za ta zo da motar haya su haye gada zuwa Khartoum, inda yau za su fara taka wasansu a babban zaure. Abin da gida suka sani shi ne Alsawra za ta, gidan ƙawarta Sulafa, koyon zanen lalle.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa "lafiya" biyu ya tsaya.

Salahuddin, ƙaninta mai gyaran waya a kasuwar Suk Libya, yana tsaye jikin garu yana kaɗa makullan shago a yatsa. Da mahaifinsu Malam Labaran zai tafi Jidda aikin tuƙi, ya bar gida a hannun ƙaninsa Auwal. Auwal ya bar Munira a hannun Salahuddin. Salahuddin kuma ya bar ta a hannun wata manhaja da ya dasa a wayarta, mai nuna ɗigo shuɗi a taswira duk inda ta sa ƙafa. Lokacin da aka soke dokar kama mata a titi saboda wando, an yi ta guɗa a garin nan. Ba wanda ya tambayi wa zai soke ƙanne.

"Salah, kunna mata."

Ya kunna.

Mace ce a tsakar wani gida, lulluɓe da farin tob, lafayar matan Sudan, fuska a rufe ruf, an ɗaure mata shuɗin faranti a ka. Tana juyi a kan ƙafa ɗaya, bayanta na lanƙwasa kamar ba ƙashi, hannuwa na yawo inda suka ga dama. Can sai wata mai gemun auduga ta leƙo ta bayan labule, da makullai a yatsa, ta daka tsawa: "Wen inti? Ina kike?" Nan take mai rawa ta koma shara. Mai gemu ta juya baya, rawa ta dawo. Ta sake leƙowa, ta tarar ana daka. Ta sake leƙowa, ta tarar ana jan carbi, kai a sunkuye, amma ƙugu bai samu labarin an tsaya ba. Mata suna ta sheƙa dariya.

Munira ta kalla har ƙarshe. Ta lura ƙafar hagu ta ɗan makara a juyi na biyu, ta ajiye wannan a ranta don anjima.

"Kin san ta?" in ji Baffa.

"Fuskarta a rufe take, Baffa."

"Ba fuska na tambaye ki ba."

"Ku dubi makullan nan!" Salahuddin ya ce. "Wallahi ni ake nufi. Yau a kasuwa har wani ya ce min wen inti."

"Kai kaɗai ke da makulli a Omdurman?" in ji Munira.

Ya daina kaɗa su. Ya cusa su a aljihu.

"Bidiyon nan ya shiga guruf ɗin masallaci," Baffa ya ce. "Ya shiga na dangi. Wata ta ce tafiyar 'yar gidan Labaran ce, wata ta ce tsayinta ne. Ni ba na aiki da an ce. Shi ya sa na zo da ƙafata."

"Yaushe aka ɗauka?" in ji Munira.

"Alhamis ɗin da ta wuce, in ji su."

"To Salah ya buɗe taswirarsa mana. Ba don irin wannan ranar aka sa ta ba?"

Salahuddin bai taɓa wayar ba. Ya riga ya duba, ba sau ɗaya ba, kuma bai ji daɗin abin da ya gani ba.

"Buɗe," in ji Baffa.

Ya buɗe. Ga ɗigo nan a Alsawra, a kan rufin gidan su Sulafa, tun azahar har magariba.

"Ya motsa?"

"Bai motsa ba, Baffa. Abin da ya dame ni ke nan. Ko banɗaki bai zaga ba."

"Ɗigon naka mai kamun kai ne," in ji Munira. "Ya kamata ka yi alfahari da shi."

Wayar tana wuni ne a kan firjin su Sulafa duk ranar da ake gwajin wasa. Har caji Sulafa take sa mata.

"Kai ka ce mana abin nan ba ya ƙarya," Baffa ya ce wa Salahuddin. "A nan wurin ka faɗa, da bakinka."

"Ba ya ƙarya. Amma waya yake bi, ba mutum ba."

"Yanzu ka san haka?"



Baffa ya juya wajen murhu, inda Hadizatu, mahaifiyarsu, ke fifita gawayi a ƙarƙashin jabana, tukunyar gahawa. Tun da aka fara maganar ba ta ɗago ba.

"Hadizatu, ke kika haife ta. Zo ki duba."

"Idona ba ya ganin ƙananan abubuwa, Malam."

"Ki gwada."

"Gahawar za ta zube."

Ya ƙyale ta. Ya gyara zama, ya koma muryar da yake karantar da yara da ita.

"Ko wace ce, ta zubar da mutuncin iyayenta. Mace ta tsaya tana karkaɗa jiki ana dariya."

"A bikin Layla fa, Baffa?" in ji Munira. "Kai ka ɗauko wa 'yarka mai koyar da rawar amarya. Wata guda ana koya mata karkaɗa kafaɗa. Ranar kuma abin da ta sa bai kai rabin tob ɗin nan ba."

"Wannan al'ada ce. Don mijinta ta yi. Kuma mata zalla, an karɓe wayoyi a bakin ƙofa."

"Nan ma ai an..."

Ta haɗiye sauran.

"Nan ma an me?" Salahuddin ya matso.

"Nan ma an ga mata ne zalla. Ka ji dariyar namiji a ciki?"

"Ba haka kika fara ba."

"Sa min ɗigo a harshe, sai ka san inda ya nufa."

"Ya isa," in ji Baffa.

Abu ɗaya Munira ke tsoro, kada ya ce a ɗauko Alƙur'ani. Taswira ta iya da ita. Rantsuwa kuwa ba ta da firjin da za ta ajiye ta. Amma Baffa Auwal mutum ne da ba ya son a taɓa Littafi kan abin da na'ura ta riga ta yanke. Ya ɗauki hularsa ya kifa.

"Halas. Ban ga hujja ba. Zan gaya wa mutane su ji tsoron Allah su bar 'yar mutane. Ki tafi lallenki."

Ya sa ƙafa yana laluben takalmi. Munira ta fara lissafin ko za ta samu ta ɗan miƙe ƙafar hagun nan kafin Nada ta iso.

"Ni fa ba a nuna min ba."

Habboba Kande ce, kakarsu, mahaifiyar Labaran da Auwal, daga gadonta a ƙuryar rumfa. Yanar ido ta hana ta gani shekaru da dama, sai dai kunne.

"Habboba, me za ki gani?" in ji Salahuddin.

"Ubanka zan gani. Kowa ya sha dariya ni an bar ni. Kawo nan, ka ƙara masa murya."

Ya kai mata wayar kusa da kunne, ya ƙure murya. Ga kiɗa, ga "wen inti", ga dariyar mata. Habboba tana ta gyaɗa kai. Wajen jan carbin nan, sai wata dariya ta taso dab da wayar, ta wadda ke riƙe da ita, dariya mai haɗe da tari. Duk kallon da aka yi wa bidiyon a garin nan da ido aka yi shi, ba wanda ya tsaya a kanta. Bayan dariyar, ƙasa-ƙasa, da Hausa:

"Kai, Baƙuwa! Allah ya shirye ki."

Habboba ta tafa hannu.

"Af! Hadizatu, ashe da ke aka je? Shi ne ba ki ce in zo ba?"

Mafici ya tsaya a hannun Hadizatu.

Munira 'yar fari ce. Hadizatu kuwa tarbiyyar ƙauyen Gezira ce, inda iyayenta suka yi aikin auduga suka riƙe kunyar da suka taho da ita daga Hausa har ta fi ta can ƙarfi. Ba ta taɓa kama sunan 'yarta ba. A asibiti ma maƙwabciya ce ke faɗa wa mai rubutu. Larabawan layinsu sun yi dariyar abin har sun gaji. Tun ranar suna take ce mata Baƙuwa, kuma duk duniya ita kaɗai ke faɗin haka.

"Mayar baya," in ji Baffa. Ya zare ƙafarsa daga takalmin.

Aka mayar.

"Kai, Baƙuwa! Allah ya shirye ki."

"Hausawa sun cika Omdurman," Munira ta ce. "Kowa zai iya cewa baƙuwa."

"Da wannan tarin?" in ji Habboba. "Tarin da nake ji kullum a bakin murhu? Haba, 'yar nan."

Sai a lokacin tsohuwar ta ji shirun da ya sauka a gidan.

"Wai me na yi?"



Munira ta kalli mahaifiyarta. Ita Munira da kanta ta ce a ajiye kwando a bakin ƙofa ran nan, duk mai shiga ta jefa wayarta. Tun da bidiyon ya fita 'yan ƙungiya ke zargin juna, har Nada ta daina gaisa wa da mai yi musu kiɗa. Ta tuna wata mata a layin baya, lulluɓe har hanci, da ta fice kafin a gama tafi.

"Yumma. Ke ce?"

Hadizatu ta sauke tukunyar jabana daga wuta, ta ajiye ta a kan gammonta, ta goge hannu.

"Mai koyon lalle ba ta dawowa da farin hannu da kumburarriyar ƙafa," ta ce. "Na bi ki in ga abin da zai kashe ni, in huta."

"Wayar fa? An karɓa a ƙofa."

"Na ba su ƙaramar, mai tocila. Babbar tana cikin tob."

"Yumma!" in ji Salahuddin. "Ke kika watsa?"

"Ban watsa ba. 'Yar'uwata Nana A'isha kaɗai na tura wa. Tun da mijinta ya rasu take zaune a Hillat Kuku ba ta dariya, na ce bari ta gani."

"To ya aka yi ya kai masallaci?"

"Ita ma ta ce bai iso mata ba. Na ɗauka layi ne."

"Kawo wayar. Nuna min inda kika danna."

Ta ciro ta daga ƙugu. Salahuddin ne ya haɗa mata wayar lokacin da Baba ya aiko da ita, da Larabci, kuma shi ya adana lambar Nana A'isha yadda yake kiran ta: halati, wato 'yar'uwar uwata. Hadizatu ta nisanta wayar daga fuskarta, ta ƙanƙance ido, ta ɗora yatsa a kan kalmar da ke can sama.

"Ga shi. Halati."

Salahuddin ya dafe kai.

"Yumma, wannan sitatus ne! Duk mai lambarki ya gani!"

"Ba halati aka rubuta ba?"

A bakin Bahaushe duk halati ne. A rubuce ma tsayinsu ɗaya, fasalinsu ɗaya. Ɗaya na nufin 'yar'uwar uwata, ɗaya na nufin halin da nake ciki, inda ake baje abu kowa ya kalla. Abin da ya raba su ɗigo ne a kan harafin farko. Wuni guda bidiyon ya yi a can, matan unguwa suka kwashe, suna zaton abin dariya ne Hadizatu ta tsinto a wani wuri. Salahuddin bai gani ba. Shekara biyu yana gadin wayar yayarsa, bai taɓa leƙa ta uwarsa ba, don bai ɗauka uwa na zuwa ko'ina ba.

Baffa ya karɓi wayar ya duba. Malanta ta motsa masa kafin fushi.

"Ha mai ruwa, Hadizatu! 'Yar'uwarki ha mai ruwa ce! Wannan ha ƙarami ne, ba shi da ɗigo. Yaran da ke allon farko sun san wannan."

"Na ce maka idona ba ya ganin ƙananan abubuwa."

Habboba ta fara dariya, ta mayar da ita tari.

Baffa ya ajiye wayar a kan angarib. Da ya sake magana, muryar ta sauka ƙasa.

"Na zo in wanke ki, Munira. Na kusa fita in ce wa mutane su ji tsoron Allah. Da kin sa na yi shaidar zur."

"Ban ce ka yi ba, Baffa."

"Daga yau ba lalle, ba Alsawra, ba Sulafa. Salah, sa sakata."

Salahuddin ya je ya zura sakatar ƙofar gida. Ta ƙarfe ce, ta yi ƙara.

"Yau muke da wasa a Khartoum," in ji Munira. Ta ga ba sauran abin ɓoyewa. "Mutane sun riga sun taru. In ban je ba, ba mai sa farantin."

"Au, akwai ma na yau? Da maza?"

"Da maza."

"Fuska a rufe?"

"A buɗe."

"La haula. Kin ji, Hadizatu?"

"Ɗigon naku ne, Baffa," Munira ta ce. "Ku riƙe shi, ga wayar ma in kuna so. Ƙafar dai tawa ce."

"Ƙafar ta gidan Labaran ce har ranar da za a kai ta wani gida."

"To ai ita ke ciwo da dare, ban taɓa jin gidan Labaran ya yi tsaki ba."

Baffa bai kula ta ba. Ya san inda ya fi taushi a gidan, can ya nufa.

"Hadizatu. Yaya zai tambaye ni wa ya tabbatar. Ba zan ce masa tsohuwa ta ji tari ba. Ke kika je, ke kika ɗauka. Faɗa da bakinki, wace ce a cikin tob ɗin nan? Ba na son Baƙuwa. Suna nake so."

Ya san ba za ta iya ba. Za ta ja mayafi ta rufe baki, ta shige ɗaki, magana ta ƙare a inda ya ajiye ta. Haka ake yi tun kafin a haifi Salahuddin.

Hadizatu ta zuba gahawa a ƙaramin kofi. Ta kai wa Habboba, ta kama hannunta ta ɗora a kai. Sannan ta miƙe tsaye.

"Na je ina zaton zan ga lalacewa," ta ce. "Sai na ga gidan nan. Na ga shara, na ga daka, na ga carbi. Na ga kaina, duk ranar da aka yi sallama sai in nemi tsintsiya. Rabona da dariya irin wannan tun muna Gezira."

"Suna na tambaye ki."

"Munira ce."



Munira ta sha jin sunanta a bakin malaman makaranta, da 'yan sanda a kan gada, da masu kiran layi a asibiti. A wannan bakin sai ta ji shi wani iri, an ja wasalin tsakiya fiye da kima, kamar mai gwada sabon takalmi.

A waje mota ta yi oda sau biyu. Nada ce.

"Munira," Hadizatu ta sake cewa, wannan karon ya fi zama daidai. "Ɗauko jakarki."

"Hadizatu, ki san abin da kike yi."

"Na sani, Malam. Shayi za ka sha ko gahawa?"

Munira ta shiga ɗaki ta fito da jaka a kafaɗa. Gefen shuɗin farantin ya leƙo ta bakin zif. Ta ratsa tsakar gida. Baffa bai tashi ba, ba ya cikin masu tare mace da hannu. Salahuddin ne ke bakin ƙofa, amma bai tare ba shi ma. Fuskarsa ta yi wani iri. Ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa ya zaro wata wayar, fuskarta na haske.

"Yumma... Baba yana kan layi."

"Tun yaushe?"

"Tun zuwan Baffa. Shi ya ce in bar ta a buɗe, kada in faɗa."

Har Baffa sai da ya ɗago. Shi ma bai san ana sauraren sa ba.

Daga cikin wayar aka yi gyaran murya. Ana jin motocin Jidda a bayansa.

"Salah. Cire ni daga lasifika, ka miƙa wa uwarka."

Salahuddin ya kai yatsa.

"Bar shi a buɗe," in ji Hadizatu.

Ta karɓi wayar, ta riƙe ta nesa da fuska yadda ta saba. Tun da aka kawo ta gidan nan, baban su Salah take cewa.

"Ina jin ka, Labaran."

"Innalillahi," in ji Habboba. "Yau kuma sunan wa ya rage?"

Salahuddin ya leƙa wayar ya ga ko layi ya yanke. Bai yanke ba. A waje Nada ta sake danna oda, wannan karon ba ta ɗaga hannu da wuri ba.

"Yarinyar," in ji muryar. "Tana ina yanzu?"

Salahuddin ya buɗe baki. Hadizatu ta ɗaga masa hannu.

Munira ta kama sakatar ta ja.

Har Jidda aka ji.